Matsa Gaba Kaɗan, Orville

Shekara talatin da ɗaya Glenda Pruitt ta yi tana kai abinci a gidan abincin Kostas, kuma ban taɓa ganin biro a hannunta ba. Kana turo ƙofa za ta ɗago kai ta dube ka, shi ke nan, kafin ka gama cire hula ƙwanka na kan wuta. In kuwa ta ga idonka ya faɗa, ba abin da ka saba ci za ta kawo maka ba, abin da ta ga ya dace da kai za ta dire maka, ka ci ko ka bari. Sau ɗaya na taɓa yi mata gardama. Ta ce, "Dewey, jiya ka sha abin da ya fi ƙarfinka, fanke ba zai zauna a cikin nan ba. Ci wannan." Na ci.

Ni ne Dewey ɗin. Sana'ata fenti, amma ba na gida ba. Duk wani farin layi da kibiya da ka gani a filin ajiye motoci daga garinmu har mahaɗar babbar hanya, ni na ja su. Na faɗi haka tun yanzu ne don ina da hannu a wannan labari, kuma na gaji da yin kamar ba ni da shi.

Glenda ta zo wurin Kostas tana da shekara ashirin da bakwai, da 'ya ɗaya a hannu. Mijin ya tafi Texas neman aiki, bai ƙara waiwayowa ba. Ba ta taɓa kawo zancensa ba, mu ma ba mu tambaya ba. 'Yar ta girma a kujerar ƙarshe ta kusa da kicin, ta yi karatu, ta yi aure can nesa. Glenda dai tana nan, doguwa, mai kaushin murya, ƙafafu kullum a kumbure, takalmi iri ɗaya take saya tun da na san ta. Ba ta da irin fara'ar nan ta masu talla. In ta yi maka murmushi, to ka yi abin dariya ne.

Akwai wani zagayayyen tebur kusa da taga, daidai saitin jan famfon 'yan kwana-kwana da ke bakin titi. Nan muke zama kowace safiya, mu shida a wancan lokaci, muna sharara ƙarya a kan kifin da muka kama da ruwan da za a yi. Kowa da kofinsa, da sunansa a jiki, rataye a ƙusa kusa da ƙofar kicin. Ƙusoshin nan su ne rajistar Glenda. In bakwai da rabi ta yi kofin mutum yana rataye, sai ta ɗauki waya. In ba a amsa ba, sai ta tura ɗayanmu. Haka aka taɓa tsintar wani daga cikinmu a ƙasan banɗaki ya karye a ƙugu, kuma ya ƙara shekara huɗu a duniya yana zaginta, wai ta sa an gan shi ba wando.

Mafi tsufa a teburin shi ne Orville Haskett, tsohon makanikin tarakta, mutum mara hayaniya, mai ciwon suga. Lokacin da matarsa Maxine ta kwanta ciwon ajali, ni na kai Glenda asibiti a motata, don haka da kunnena na ji. Maxine ta damƙe hannun Glenda ta ce, "Ke, mutumin nan zai kwance tarakta ya mayar da ita ido rufe, amma ko ƙwai bai iya dafawa ba. Allurarsa yana yi ƙarfe shida, ba ya mantawa. Cin abincin bayanta ne yake mantawa. Kuma ko yunwa za ta kashe shi ba zai buɗe baki ya tambaya ba, kin san halinsa. Ki ga ya ci, ki dubi fuskarsa. Kullum."

"Na ɗauka."

"Ba na fatar baki ba, Glenda."

"Na ce na ɗauka, Maxine. Saki hannuna ki kwanta."

Shekara uku aka yi a haka, ba fashi. Sai wata safiya muka ga wasu mutane biyu da riguna masu ƙyalli sun shimfiɗa wata baƙar roba ta tsallake titi. Orville ya ce ta ƙirga motoci ce. Mako biyu tana nan tana ƙirgawa. Ba wanda ya shigo ya tambayi mutum nawa ne a garin, ko me suke ci. Motar da ke wucewa kawai suke son sani. Kostas kuwa gwiwoyinsa sun gama aiki, 'ya'yansa ɗaya likitan haƙori ɗaya lauya, ba mai sha'awar suyar dankali. Da kamfanin filaye ya zo, ya sayar. Na ji haushinsa, har yau ina ji, amma ban ga laifinsa ba.

Kwana biyu katafila ta yi ta gama. A filin da gidan abinci ɗaya ya zauna da bishiyoyinsa, aka dasa akwatuna uku, na kaza, na wankin mota, da na gahawa da karin kumallo. Akwati na ce, don ba ni da wani suna da zan ba su. Ba kujera, ba tebur, ba banɗakin baƙi, ƙofa ma ɗaya ce a baya, ta ma'aikata. Hanya ce kawai ta zagaye ginin, ka shigo ta nan, ka yi magana da lasifika, ka karɓa ta taga, ka fita ta can. In ka zo a ƙafa ba za a sayar maka ba, doka ce, wai kada mota ta buge ka a ce laifinsu ne. Ranar da mutumin kamfanin ya ba ni kwangilar fenti har bayani ya yi mini, yana jin daɗi. Ya ce wurin zama asara ne, a dumama shi, a share shi, tsofaffi su zo su sayi kofi ɗaya su shafe awa biyu. Na tsaya ina gyaɗa kai kamar ba mu yake nufi ba. Kwangilar kuma na karɓa. Yanzu in ka bi hanyar nan, banki ta taga, kantin magani ta taga, duk kibiyoyina ne.

Glenda ta kwashe kofunanmu a kwali ta kai gida, sannan ta je ta nemi aiki a akwatin gahawa, tana da shekara hamsin da takwas. Na ce, "Haba, da waɗannan ƙafafun? Ki tafi wurin 'yarki ki huta mana."

Ta ce, "Orville fa? Kai za ka soya masa ƙwan?"



Aka ba ta hula da wani abin saƙalawa a kunne mai ɗan bakin magana. A ƙarƙashin simintin hanyar an binne wata waya mai jin ƙarfen mota. Mota na hawa kanta sai abin kunnen ya yi ƙara, agogo kuma ya fara gudu a wani allo da ke saman taga. In motar ta bar taga kafin sakan casa'in, allon kore ne. In ta wuce haka ya koma rawaya, daga nan sai ja. Glenda tun ranar farko a ja take, don ba ta iya miƙa wa mutum abu ba tare da ta tambayi jikin mahaifiyarsa ba.

Babban ja kuwa shi ne Orville. Kunnensa na hagu ya mutu tun a bakin inji, kuma shi ne kunnen da ke kallon lasifika in yana tuƙi. Bakwai saura zai zo da tsohuwar a-kori-kurarsa, ya tsaya nesa da lasifikar, ya ɗaga murya.

"Glenda ce?"

"Ni ce, tsoho. Taho taga."

"Eh?"

"Na ce ka taho."

"Kamar kullum za a ba ni."

"Na sani, tun kana da gashi nake sani. Taho, akwai mutane a bayanka."

Yana isowa taga sai ya kashe mota, don a tarbiyyarsa ba a magana da mutum inji na kuka. Ta miƙa masa ƙunshin abincin, ta ce ya buɗe ya gatsa a gabanta. Ya gatsa, ta dubi idonsa da launin fuskarsa. Sannan a shiga fama da tayar da motar, na baya suna ta hon.

Manajar wurin, Renata, ba muguwa ba ce, kada a ce na ce. Shekararta talatin, 'ya'ya biyu, kuma duk Litinin wasu mutane daga wata jiha, waɗanda ba su taɓa taka garinmu ba, sai sun kira ta sun karanta mata launin allonta. Wata rana ta tare Glenda a ƙofar baya.

"Mama Glenda, ni ma taka ni ake yi, shi ya sa nake taka ki. Sun ce in wata ya ƙare muna ja, in mayar da ke baya wurin suya."

"Akwai taga a bayan?"

"Babu."

"To ba zan je ba."

"To ki taimake ni in taimake ki."

Dabarar da ta koya mata kowa a wannan sana'a ya san ta, har masu kiran Litinin ɗin ma sun sani, kau da kai suke yi. Gaba da taga kaɗan akwai gurabe biyu na jira, na ɗaya da na biyu, ni na zana lambobinsu. In ka ga mota za ta ja maka lokaci, sai ka miƙa abin sha ka ce a matsa gaba a jira. Motar na sauka daga kan wayar agogo zai tsaya, ka danna maɓalli, odar ta ɓace daga allo kamar an sallame ta. In layi ya lafa, ka ɗauki ƙunshin ka fita ta ƙofar baya ka kai da ƙafa.

Glenda ta ce, "Wannan ai ƙarya ce."

Renata ta ce, "Ƙarya ce, amma kore ce."

Abin mamaki, ƙaryar ta yi wa kowa daɗi. Kowace safiya Glenda za ta miƙa masa baƙar gahawarsa ta ce, "Matsa gaba kaɗan, Orville." Shi kuma kullum gurbi na biyu yake shiga, ko da na ɗaya ba kowa. Bayan minti goma ta fito da ƙunshin, ta jingina da ƙofar motarsa ta huta da ƙafa ɗaya, yana ci tana yi masa faɗa a kan rigar da ya kwana uku da ita. Wani lokaci ni ma in shiga na ɗaya, mu sauke gilashi, mu uku mu yi ta zuba. Allo ya koma kore, masu Litinin suka yi shiru. Har na fara jin cewa mun zura wa kamfanin ƙwallo ɗaya, ni da wautata.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, ta baje-kolin gunduma, a tsakiyar zafin Yuli. Tun shida layin motoci ya fita har titi, kowa da tirelar shanu ko ta dawaki, kowace mota da mutum biyar a ciki. Ma'aikata biyu ba su zo ba, aka bar Glenda ita kaɗai da lasifika da taga. Orville ya zo a lokacinsa, ta miƙa masa gahawa, ta ce ya matsa gaba, ta danna maɓalli. Da a wurin Kostas ne, da kofinsa ya tsaya mata a ido. Nan kuwa kofin takarda ne, allon kuma ba ya riƙe kowa.

Ni sai ƙarfe tara na zo, don in sabunta kibiyoyin akwatin wankin mota. Na hango a-kori-kurar a gurbi na biyu, na ɗaga masa hannu, ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Na ce a raina tsohon ya makara yau, na duƙa na ci gaba da aikina. Wannan duƙawar har yau tana cina. Goma da rabi na miƙe in miƙar da baya, sai na ga motar tana nan inda take, rana ta kwanta a kanta.

"Orville, me kake yi a nan har yanzu?"

"Glenda ta ce in jira."

"Tun yaushe?"

Ya dubi agogon hannunsa, ya daɗe yana dubawa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, fuskarsa ta yi fari fat. Ya yi allura tun shida bai ci komai ba, sugansa ya faɗi.

"Me ya hana ka danna hon?"

"Ban taɓa kiran mace da hon ba, Dewey. Ba yau zan fara ba."

"To ka sauka ka ƙwanƙwasa mana."

"Ai an ce ba a zuwa a ƙafa."

Rabona da gudu har na manta, amma ranar na yi. Na matse tsakanin wata mota da bango na tsaya a taga. Wayar ƙasan ba ta jin mutum, don haka ba abin da ya yi ƙara, ba wanda ya ɗago. Na buga gilashin da tafin hannu har na bar masa farin fenti. Glenda ta zuge tagar a fusace, ta buɗe baki za ta kore ni, na ce, "Orville." Ba ta ma dube ni ba. Juyawa ta yi ta dubi kantar da ke ƙarƙashin fitilar ɗumama abinci. Ƙunshin yana nan, an rubuta lambar gurbi na biyu a jikinsa, maiƙo ya huda takardar. Na san Glenda fiye da shekara talatin, ban taɓa ganin fuskarta ta yi haka ba, kuma ba na fatan in sake gani.

Ta fizgi kwalbar lemo ta fita ta ƙofar baya, da gudu, da waɗannan ƙafafun. Ta tallafe ƙeyarsa ta kafa masa kwalbar a baki. Abin kunnen yana kanta har lokacin, ina jin wata 'yar siririyar murya daga ciki tana neman gahawa mai ƙanƙara, tana maimaitawa. Renata ta kira motar asibiti. Kafin ta iso jini ya fara dawowa fuskarsa.

Glenda ta ce, "Na manta da kai, Orville."

"Aiki ne ya yi miki yawa."

"A'a. Mantawa na yi. Na danna, ka ɓace, ban sake tuna ka ba ko sau ɗaya."

"Bar kukan nan, yarinya, mutane na kallo." Ya ɗaga yatsa ya nuna jan famfon da ke bakin titi, abu ɗaya tilo da katafila ta bari. "Gaya mata, Dewey. Ai kai ka auna."

Ni na auna kuwa. Daga famfon na ja igiya ranar da na zana guraben, kuma tun ranar na sani, na haɗiye ban gaya wa kowa ba. Gurbi na biyu a kan zagayayyen teburinmu yake zaune, daidai wa daida.

Orville ya ce, "Tun zuwana na farko na gane, shi ya sa nake shiga na biyu. Wallahi ban ji daɗewar ba. Tun da aka rushe ban samu na zauna a nan haka ba. Sai dai ba wanda ya zo."

Shi a ganinsa lallashinta yake yi.

Asibiti suka kira ɗansa da ke birni. Ɗan ya zo, ya ji labari, ya karɓe makullin motar, cikin mako biyu ya kai uban gidan kula da tsofaffi, tafiyar awa uku daga nan. Ban ga laifin ɗan ba. Na ma gaji da rashin ganin laifin mutane. Masu kiran Litinin kuwa suka ce ba a taɓa sallamar motoci da sauri a wannan akwati irin na Asabar ɗin ba, har suka aiko da wata 'yar lambar yabo a maƙala wa Glenda a riga. Renata ta jefa ta a aljihun tebur, ba ta nuna mata ba. Sannan aka aiko mini da takarda in zo in rubuta minti biyar a ƙasan kowane gurbi, wato iyakar lokacin jira, da manyan baƙaƙe. Na zo na rubuta.

Da farko Glenda takan fita ƙofar baya bakwai da rabi ta kira gidan tsofaffin, ta tambaya ko ya ci. Sai a ce mata, ke 'yar'uwarsa ce? Ta ce a'a. A ce to ki yi haƙuri, ba ma ba da bayanin mazauna sai ga dangi, amma kowa lafiya lau. In an haɗa ta da shi kuma wayar a kunnen hagu yake sawa, ya yi ta cewa eh, eh. Fuskar da aka ce ta duba kullum dai ba a ganinta ta waya. Da kaka ta shigo sai ta rage kiran zuwa Lahadi kawai.

Tana nan a taga har yau, kuma kore take, kullum. Makon jiya na bi ta wurin da safe. Ina hawa wayar na ji muryarta a lasifika.

"Barka da safiya, me za a kawo maka?"

Na ɗauka ba ta gane motar ba. "Ni ne, Glenda."

"Na sani, Dewey. Me za a kawo maka?"

Sai da na tsaya na yi tunani, don shekara talatin ban faɗi abin da nake ci da bakina ba. Na faɗa, ta maimaita mini shi ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko daidai ne. Da na iso taga na ga biro rataye a wuyanta da zare. Bayan hannunta na hagu ya cika da shuɗin tawada, sunaye da lambobi, an soke wasu. Ta miƙo mini gahawa.

"Ƙwan bai yi ba tukuna. Matsa gaba kaɗan."

Kafin in ɗaga ƙafa daga birki na ga ta cire murfin biron da haƙori ta rubuta sunana a hannunta. Na shiga gurbi na ɗaya na kashe mota, na sauke gilashi. Minti huɗu ta fito da ƙunshin, ta miƙa mini, ta soke sunana, ta koma ciki.